Lodin kara da harawa a kan titi, da faɗin da ba wanda yake aunawa

Kaka ta yi, an fara kwaso amfani daga gona, kuma duk wanda yake bin hanyoyinmu daga watan Oktoba zuwa Janairu ya san abin da zan yi magana a kai tun ban faɗa ba. Motocin kara, motocin harawa, akori-kura da aka yi wa lodin buhunan ƙaiƙayi har ba ka ganin tayarta, amalanken shanu ya ɗauko karan dawa a gicciye, tarakta tana jan haro bayan magariba ba fitila ko ɗaya a bayanta. Hanyar Kano zuwa Gwarzo, Zariya zuwa Funtuwa, Wudil zuwa Gaya, Katsina zuwa Jibiya har ka tsallaka ka nufi Maraɗi, duk labarin ɗaya ne. Ka hango mota daga nesa ka rantse rumbu ne aka sa wa taya, sai ka matso kusa sannan ka gane akwai direba a ciki.

Ni ɗan gidan manoma ne, da kuɗin harawa da na gyaɗa aka yi mana ɗawainiya, saboda haka ba na cikin masu zama a birni suna cewa a hana mutanen ƙauye hawa kwalta. Kwaltar nan tasu ce kamar yadda take ta kowa. Amma abin yana damuna ƙwarai, don duk shekara sai an rasa rayuka a kan abin da za a iya kauce masa da tef ɗin awo da jan ƙyalle da kuma ɗan haƙuri a jira gari ya waye.

Bari mu fara da lissafi, don maganar faɗin mota lissafi ce zalla ba son zuciyar wani ma'aikaci ba. Babbar hanyar gwamnatin tarayya a Najeriya, irin mai hannu biyu ɗin nan, mai zuwa da mai dawowa, ana yin kwaltarta ne faɗin mita 7.3, wato kowane hannu mita 3.65, sai kafaɗa a gefe wadda a takarda ta kai mita 2.75. Babbar mota kuma, tirela ko daf ko tifa, iyakar faɗin da aka yarda mata a ƙasashen yammacin Afirka mita 2.55 ne. To cire 2.55 daga cikin 3.65, saura mita 1.10, ka raba biyu, santimita 55 kenan a dama 55 a hagu in har direban ya zauna daidai a tsakiyar hannunsa. Shi kenan ratar da ke tsakanin bodin tirela da layin tsakiya, bai kai tsawon hannun babban mutum ba, kuma madubi ba ya cikin wannan awon, shi ma yana cin nasa a ciki. A wannan 'yar ratar mai babur yake rayuwa, da mai keke, da yaron da ya koro awaki, da matar da ta ɗauko itace a ka.

Yanzu ka ɗauki wannan motar ka yi mata lodin kara ya leƙo santimita 60 ta kowane gefe, wanda wallahi a abin da muke gani a hanya wannan lodin mutunci ne. Faɗinta ya koma mita 3.75. Ta fi hannun titin faɗi. Ko direban waliyyi ne, ko bai taɓa yin gudu ba a rayuwarsa, dole ɗayan biyu, ko ya shiga hannun mai zuwa ko ya sauka kan kafaɗa. Kuma wannan fa a hanyar da aka yi ta bisa ƙa'ida ne, ina ga hanyoyin jiha da na ƙananan hukumomi da tun asali ba su kai haka ba, ruwa ya cinye bakin kwaltar, kafaɗa ta zama rami, ga kwalbati da gadoji da ake matse su. In irin waɗannan motoci biyu suka haɗu a kan ƙaramar gada sai ɗaya ta tsaya, in kuma da dare ne babu wanda ya ga faɗin ɗan'uwansa to sai dai Allah ya kiyaye.

Ita wannan 2.55 ɗin tana da tarihi. Ƙasashen Turai ne suka tsaya a kanta a dokar da suka yi a 1996, suka ba motocin sanyi masu ɗaukar nama da kifi 2.60 saboda kaurin bangonsu. Dalilin lambar kuma na kasuwanci ne, katakon da suke jera kaya a kai tsawonsa mita 1.2 ne, ana so biyu su shiga gefe da gefe a cikin bodi, 2.4 kenan, sauran kuma kaurin ƙarfe. Kwantenar da ake saukewa a Apapa ko Kwatano faɗinta ƙafa 8, wato mita 2.44, ita ma ta shiga ciki. Amurka da can inci 96 suke, a dokar manyan hanyoyinsu ta 1956, sai a 1982 suka ƙara zuwa inci 102, ƙafa takwas da rabi kenan, kusan mita 2.6. Ka ga duk duniya a nan ake zagaye, saboda masu ƙera mota da masu zana titi da masu gina gada sun riga sun yi jinga a kan wannan faɗin. A yankinmu ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, sun sa hannu a kan ƙa'ida mai lamba 14 a watan Disambar 2005, ECOWAS ta yi tata a 2012, Najeriya kuma ta fitar da nata dokokin girma da nauyin manyan motoci a 2018 lokacin Fashola yana ministan ayyuka. To doka dai akwai ta.

Sai dai duk hayaniyar da aka yi a kan waɗannan dokokin, a kan nauyi aka yi ta. Tan nawa kowane layin taya zai ɗauka, ina za a kafa sikelin awon manyan motoci, tarar nawa za a ci wanda ya wuce, aka yi ta ɗage ranar fara aiki saboda masu motoci sun ƙi. Na fahimci dalili, nauyi shi ke fasa kwalta, kwalta kuma ita ke cin kuɗin gwamnati. Amma kayan gona irin wanda nake magana a kai ba shi da nauyi ko kaɗan. Ka hau da motar kara kan sikeli za ta wuce lafiya lau, wataƙila ko rabin abin da aka yarda mata ba ta ɗauka ba. Faɗi ba ya fasa kwalta, mutum yake bugewa, shi ya sa nake ganin an bar shi a baya. Su kuma waɗannan dokokin manyan motoci suka fi kallo, alhali rabin abin da ke tare hanya lokacin kaka ƙananan motoci ne da amalanke da A Daidaita Sahu da babur. Akori-kura faɗinta bai wuce mita 1.8 ba, fitilunta ma a nan suke, sai a ɗora mata kayan da ya ninka faɗinta.

Nan ne haɗarin dare yake. Kai da kake tahowa fitila biyu kake gani, ƙwaƙwalwarka ta riga ta auna maka cewa ƙaramar mota ce, ka ba ta ratar ƙaramar mota. Ba ka san akwai kusan mita guda na kara ko buhu da ya leƙo cikin hannunka a cikin duhu ba, sai ka ji shi a gilas. In a mota kake madubi ya tafi ko gilas ya fashe, in a babur kake kuma a fuska ko a ƙirji zai same ka, kuma karan dawa busasshe da aka sare da adda bakinsa tsini ne. In motar mai ido ɗaya ce, wanda ba baƙon abu ba ne a hanyoyinmu, to sai ka ɗauka ma babur ne. Ga hazon hunturu a Disamba da Janairu, daidai lokacin da jigilar ta fi yawa, wani lokaci da rana tsaka ma ba ka ganin nesa.

Me ya sa ake yin lodin haka? Ba hauka ba ne, kuma duk wanda ya ce jahilci ne bai taɓa biyan kuɗin mota daga gona ba. Direba sawu yake caji, ba nauyi ba. Man da zai sha daga ƙauye zuwa kasuwa ɗaya ne ko ya ɗauko dami talatin ko ɗari, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma kuɗin sawu ya zama abin da ya zama. Damin harawa kuma kuɗinsa kaɗan ne a bakin gona, sai ya shigo gari wajen masu turka da masu kiwon raguna sannan yake daraja, musamman in rani ya yi nisa ko layya ta matso. Saboda haka mai kaya yana so sawu ɗaya ya kwashe abin da ya kamata a yi sawu biyu, direba yana so a ƙara masa wani abu a kan kuɗin, 'yan lodi kuma gwanintarsu kenan, a ce wane ya iya lodi, ya san yadda zai fitar da itace ta gefen bodi ya shimfiɗa ya yi ta ɗorawa. Kowa a cikinsu yana da hujjar da za ka saurara. Wanda ba a tambaya ba shi ne mutumin da zai haɗu da motar a kwana.

Kuma lodin da ka gani a bakin gona ba shi ne zai isa kasuwa ba. Harawa da kara da ciyawa suna zama. Ana tafiya ana faɗawa rami, igiya tana saki, kayan suna sauka ƙasa suna bajewa ta gefe, abin da ya tashi da faɗin mita uku kafin a yi rabin hanya ya ƙara, ya kuma karkace gefe ɗaya. Da zarar ya karkace, ga nauyin ya koma sama, taya ɗaya ta sauka daga bakin kwalta shi kenan mota ta kwanta. Sau da yawa kuma akwai mutane a saman kayan, mai kaya da yaransa da 'yan rage hanya. Madubin direba a rufe, bai san me ke bayansa ba sai abin da yaron mota ya faɗa masa. Tsawo ma nasa ne, a shiga gari a tsinke wayar lantarki, ko busasshen kayan ya sauko kusa da salansa wuta ta kama.

Shi karan dawa matsalarsa tsawonsa ne. Dawarmu ta gargajiya irin su kaura da farafara karanta yana kai mita uku har huɗu, in ka kwantar da shi a gicciye a kan amalanke ko bayan mota ka riga ka wuce kowace doka tun daga dami na farko. An fi son gicciyen ne saboda ya fi saurin lodi kuma ya fi zama daram a kan ƙaramin bodi. In aka kwantar da shi ta tsawo zai leƙo ta baya, wannan kuma da sauƙi, mai bin ka a baya yana ganinsa, ka ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa shi kenan. Rashin ɗaura jan ƙyallen ma laifi ne da yake rubuce a jerin laifukan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 'yan rod sefti, tare da lodin wuce kima. Masu ɗaukar rodi da katako sun san wannan, za ka ga ko jar leda ce sun ɗaura. Masu kayan gona ne dai ba su ɗauka da su ake ba.

Abin da nake so mutane su sani shi ne ba mu kaɗai muke da wannan matsalar ba, duk ƙasar da ake noma tana da ita, kuma babu inda aka warware ta da cewa manomi ya bi dokar tirela sak. Ba zai yiwu ba, injin noma an ƙera shi ne don gona ba don titi ba. A Amurka, jihohi da yawa sun cire injinan noma daga dokar inci 102 ɗin in manomi ne yake kai su daga wannan gona zuwa waccan. Ciyawar da suke naɗewa manya-manyan dunƙule ɗin nan, kowane ɗaya faɗinsa ƙafa biyar ne, in aka jera biyu gefe da gefe a kan tirela ƙafa goma kenan, ya wuce takwas da rabi, to sai jihohi da dama suka yi wa ciyawa sassauci na musamman ko takardar izini ta shekara, in fari ya yi tsanani kuma gwamnoni kan ƙara sassautawa na ɗan lokaci don a kai wa dabbobi abinci. Amma sassaucin da sharaɗi yake zuwa. Jan tuta a kusurwoyin kayan, allo rawaya mai baƙin rubutu gaba da baya, in faɗin ya yi yawa sai da motar rakiya, kuma mafi yawan lokaci da rana kawai, daga dab da fitowar rana zuwa jim kaɗan bayan faɗuwarta. Duk abin da ba ya wuce gudun mil 25 a awa, kamar kilomita 40, sai ya manna alamar nan mai kusurwa uku ruwan lemo da jan baki mai ƙyalli a bayansa, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar jihar Ohayo a farkon shekarun 1960 saboda yadda motoci suke afka wa taraktoci ta baya.

Ingila ma matakai suka yi. In injin noma ya wuce mita 2.55 gudunsa ba zai wuce mil 20 a awa ba, in ya wuce mita 3 akwai tafiyar da sai ka sanar da 'yan sanda tukuna, in ya wuce mita 3.5 sai da ɗan rakiya kuma gudu ya sauko mil 12, iyakar sassaucin kuma mita 4.3. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne manomi ya san inda ya tsaya tun kafin ya fito daga gida. Ya san faɗin kayansa, ya san matakin da ya faɗa, ya san abin da ake nema a wurinsa.

Mu kuma namu manomin bai san komai a kai ba, ba don ba ya so ba, ba a taɓa faɗa masa ba. Abin da ya sani shi ne akwai wuraren da za a tsayar da motar, a yi ciniki, a ba da na goro, a wuce, kayan kuma suna nan yadda suke ko santimita ɗaya ba a rage ba. Wannan ne ma yake tura mutane tafiyar dare, don a kauce wa masu tsayarwa, ka ga abin da aka kafa don tsaro ya tura lodin mafi haɗari zuwa lokacin da ya fi haɗari. Wannan shi ya fi komai ci mini rai a cikin maganar gaba ɗaya. In da za a ce wa mai harawa, in ka fito tsakanin hantsi da la'asar, ka sa jan ƙyalle a kusurwa huɗu, faɗinka bai wuce kaza ba, ba mutum a saman kaya, to ba wanda zai taɓa ka, kuma a cika masa wannan alkawarin, ina da yaƙinin mafi yawansu za su zaɓi rana. Ba wanda yake son tuƙin dare a hanyoyin da ake fama da 'yan fashi da masu garkuwa.

Kuma wannan ba sai an jira Abuja ba. Jihohi suna da hukumominsu na kula da hanya, Kano tana da Karota, Kaduna tana da Kastiliya, ga 'yan bi'ai'o ko'ina. Majalisar jiha za ta iya yin ƙa'idar kayan gona ta lokacin kaka mai shafi ɗaya, da Hausa, a karanta a rediyo. A ganina har mita 3 a bar shi ya wuce da rana da alama, abin da ya haura haka sai da babur ko mota a gaba tana gargaɗi kuma a gajeriyar tafiya, abin da ya fi hannun titi faɗi kuma kada ya hau babbar hanya sam, a sauke a raba biyu. Waɗannan lambobin ra'ayina ne, injiniyoyi za su iya gyarawa, amma a samu lamba dai wadda kowa ya sani. Awon kuma ba ya buƙatar sikeli na miliyoyi, gora ɗaya da aka yanka daidai mita 3 aka shafa mata fenti ta isa, a ajiye a kowace tasha da kowace kasuwar harawa. 'Yan yuniyan da 'yan kamasho su ne suke ganin kowace mota kafin ta tashi, suna karɓar kuɗin tasha a kanta, to su ɗora gorar a bayan motar kafin su ba ta hanya. Sarkin noma da masu unguwanni su ma maganarsu tana shiga fiye da ta mai kaki.

Sai maganar rage girman kayan tun daga gona, wadda ita ce maganin da zai daɗe. Abin da muke biyan kuɗin mota a kai rabinsa iska ce. Karan masara da na dawa in aka saka su a injin aka daddatse aka zuba a buhu, wurin da suke ci yana raguwa sosai, dabba kuma ta fi cinye shi ba ta bar rabi a turke ba, kuma mutane sun fara yi, za ka ga buhunan niƙaƙƙen kara da na kowar wake da na harawar gyaɗa a kasuwannin dabbobi. Injin matse ciyawa ya ɗaure ta murabba'i shi ma ba sabon abu ba ne a duniya, har da na hannu akwai, akwatin katako ne da maƙera da kafintocinmu za su iya haɗawa. Harawa tana son a bi ta a hankali don ganyen yana kakkaɓewa in ta bushe ƙarau, ganyen kuma shi ne kuɗin, to sai a matse ta da sanyin safiya tana da ɗan laushi. Dunƙulen da aka matse yana jeruwa cikin bodi tsaf ba ya leƙowa, mota ta ɗauki nauyin da ya fi na da a faɗin da bai wuce nata ba. In gwamnatoci suna raba taraktoci da injin ban ruwa, ban ga abin da zai hana a sa wannan a lissafi ba. Sai dai buhun ma in aka samu 'yan lodi masu son nuna bajinta haka za su jera shi ya fito ta gefe, saboda haka gorar awon tana nan dai.

Injinan noma kuma yanzu suke ƙaruwa, musamman a wuraren shinkafa da alkama irin su Kura da Kadawa da fadamar Haɗeja da Kebbi. Ƙananan injinan girbin shinkafa masu tafiya a kan sarƙa, irin su Kubota, da sauƙi, ɗora su ake a mota kuma ba su cika wuce bodi ba. Manyan ne abin tsoro, waɗanda bakin yankansu yake kai mita huɗu, biyar, har fiye. A ƙasashen da suka saba da su cire bakin ake yi a ɗora a kan 'yar tirelarsa a ja shi ta tsawo, in an isa gona a mayar, an ƙera shi ne don a yi hakan. A nan kuma sai mai tuƙin ya ga ai gonar gaba ba nisa, ya hau kwalta da bakin a jiki. Haka tarakta da haro ko rija a baya, faifan ƙarfen sun fi tayar faɗi, ba fitila ba sitika mai ƙyalli, tana tafiyar kilomita 25 a awa a hanyar da motocin haya suke 100. Mota mai gudun 100 tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, in fitilarka ta nuna maka taraktar a mita 60, kai kana 100 ita tana 25, abin da ya rage maka bai kai daƙiƙa uku ba ka gane abin da ka gani ka taka birki. Sitikar nan ja da fari da ake manna wa tireloli ana sayar da ita a kowace kasuwar kayan mota, kuɗinta bai kai na man da taraktar take sha a wuni ɗaya ba. Masu amalanke ma haka, dan Allah a manna a katakon baya, a rataya ko tsohon faifan sidi ne a gefen kayan.

Mu masu ƙananan motoci kuma muna da namu. In ka tarar da motar lodi a gabanka kada ka manne mata, ba ta ganinka, kuma dami yana iya zamowa kowane lokaci. Ja baya yadda za ka iya hango hanya ta gefenta, ka yi hon tun daga nesa, ka jira miƙaƙƙen wuri, kada ka yarda da hannun yaron mota da yake ce maka wuce in kai ba ka ga gaban da idonka ba. In da dare ne ka ga fitila tana zuwa a hankali a watannin nan, ka ɗauka kayan sun fi fitilar faɗi, ka rage gudu ka matsa dama tun kafin ku haɗu. Masu babur in da hali ku sauka daga kwaltar gaba ɗaya ku bar ta ta wuce.

Masu kaya, 'yan uwana, ku ne kuke tsaye lokacin da ake lodin, ku ne kuke cewa a ƙara. In direba ya ce ya isa, to a bar shi ya isa. In an yi tafiya kamar rabin awa a tsaya a sake jan igiya tunda kayan sun zauna, a duba gefen da ya karkace, yara kuma su shiga gaba ko su biyo wata motar, kada a ɗora su a sama. In yamma ta yi ba a gama lodi ba a kwana a tashi da safe, harawa ba tumatir ba ce, ba abin da zai same ta kafin gobe.